Ɗaya a Buro, Sifiri a Dungas

Watan Huraira bakwai da kama aiki a buro, wato ofishin wani shirin taimakon manoma da ke Magaria, ranar da ta ji ana maganar a sallami Baba Sallau, ma'aikacinsu na Dungas. Ita ce mai kula da kwamfutocin wurin. A Damagaram ta yi karatun na'ura, ta dawo garinsu da hali guda da kowa ya san ta da shi: in aka kawo mata abin da ya lalace ba ta cewa za ta gwada, sai dai ta ce a dawo bayan azahar. Sau da yawa kuma in aka dawo a tarar abin ya gyaru.

Shirin yana da ma'aikata shida a karkara, daga Sassumbrum zuwa Dantchiao har Dungas. Kowane an ba shi kwamfutar hannu. Da damina aikinsu shi ne su zaga gonaki, su rubuta yawan ruwan da ya sauka da yadda gero yake, su ɗauki hoto, su aika. Abin da aka fi tsoro shi ne tsutsar nan mai cin zangarniya. In aka gan ta da wuri, daga Yamai ake ba da umarni a kai wa ƙauyen wasu 'yan buhuna masu ɗauke da ƙananan ƙwarin da ke kashe ta, a rataye su a bakin gonaki. In kuwa labari ya makara da mako guda, sai dai a kai buhunan a yi wa manoma jaje.

Ranar Litinin ɗin nan shugaban buron, Muttaƙa, ya buga takarda a kan tebur.

"Ku duba rahoton Dungas," in ji shi. "Kowa nasa yana zuwa a ranar ko washegari. Na Sallau kullum sai ya yi kwana biyar, wani lokaci shida. Mutumin nan ya yi mana aiki, ban musa ba. Amma in ƙarfi ya ƙare a faɗa mana mu nemi wani."

Huraira sau biyu kawai ta taɓa ganin Sallau, daga nesa. Sai dai da ta koma teburinta ta buɗe jerin saƙonnin da suka shigo tun farkon damina, ta ware nasa. Abin da ta gani ya sa ta gyara zama. Duk rahotanninsa ranar Alhamis aka aiko su, tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, kuma ba daga Dungas ba. Daga nan cikin buron suka fita, ta rezon, wato layin intanet, da ita kanta take kula da shi.

Ranar Alhamis ta jawo kujerarta kusa da taga. Ƙarfe goma saura ta ji ƙarar wani tsohon moto, wato babur, ya tsaya. Dattijo ne dogo siriri, gemunsa fari, wandonsa ya sha laka har gwiwa. Bai shigo ciki ba. Ya zauna a bencin da ke baranda, ya kwance wata jaka daga bayan moton, ya zaro leda, daga cikin ledar ya zaro tsohon zane, daga cikin zanen kwamfuta ta fito tsaf ba ko ɗigon ruwa.

Ta fita ta rusuna. "Ina kwana, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ke ce sabuwar mai injuna?"

"Ni ce. Baba, daga Dungas ka taso yau?"

"Tun bayan asuba. Ruwa ya yanke hanya a wuri biyu, sai da na zaga."

"Don ka aika rahoto kawai?"

Ya ɗago ya dube ta, kamar yana auna ko tuhuma ce ko tambaya. Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu, ya miƙa mata. Kowane shafi da kwanan watansa, da sunan ƙauye, da sunan mai gona, da rubutun faransanci mai kyau irin na 'yan lakwal ɗin da, wato 'yan makarantar boko. Ba ranar da ya tsallake.

"A ranar nake rubutawa, a ranar nake zubawa cikin na'urar," in ji shi. "Amma a can ba ta aikawa. Ba kuma rashin rezo ba ne. 'Yata Rumaisa'u daga Kano take turo mini hotunan jikoki, suna shigowa wayata lafiya. In na haɗa wayar da kwamfutar yadda aka koya mana, sai ta nuna ta haɗu, in na ce ta aika sai ta yi ta juyi ta ƙi. In na zo nan na zauna a bencin nan, kafin in sha ruwa ta aika."

"Ka faɗa wa wani?"

"Na faɗa sau ɗaya, bara. Aka ce in kashe in kunna." Ya yi ɗan murmushi. "A shekaruna in na ce na'ura ta ƙi, abin da kunne ke ji shi ne tsoho ya kasa. Sai na ga gara in riƙa zuwa."

Huraira ta karɓi kwamfutar ta ɗora a cinya. Ba ta yi minti biyu ba ta ga abin da take zato.

"Baba, ba kai ba ne, ba kuma wayarka ba ce. Ka ga a buron nan akwai wata na'ura da muke kira firoksi. Kamar maigadi take. Duk saƙon da zai fita ko zai shigo, sai ya bi ta hannunta. An rubuta wa kwamfutarka cewa kada ta aika komai sai ta hannun maigadin nan. To in kana Dungas ma shi take nema. Ta yi ta kira, ba ya nan, sai ta zauna da saƙon."

"Sauran fa? Nasu yaya yake tafiya?"

"Sun san inda ake shiga a cire umarnin. In sun dawo nan kuma su manta su mayar, su zo su tsaya mini a ka wai rezon buro ya mutu."

Sallau ya girgiza kai. "Ranar da aka ba mu na'urorin nan mun sa hannu a takarda cewa ba za mu taɓa saitinsu ba. Ni na sa hannu."

Ta so ta yi dariya, sai ta ga ba abin dariya ba ne. Mutumin da ya fi kowa bin doka shi ake shirin kora.

Da farko ta yi tunanin ta nuna masa wurin kawai. Amma taga biyar ake bi a cikin na'urar kafin a kai, ga shi ba zai yarda ya taɓa ba, ga sauran biyar ɗin da ke mantawa. Abin da ya dace shi ne kwamfutar da kanta ta gane inda take. Ta kuwa san ta inda za a bi. A cikin kowace kwamfuta irin tasu akwai wani babban kundi da ake kira rajista, inda na'urar ke rubuta duk yadda aka saita ta. Maganar firoksi layi ɗaya ce a ciki: in an rubuta ɗaya, a bi ta hannun maigadi, in an rubuta sifiri, a fita kai tsaye. Abin da take buƙata shi ne ɗan gajeren umarni da zai riƙa tashi da kansa duk lokacin da kwamfutar ta haɗu da wani rezo, ya ƙwanƙwasa wa firoksin buro. In ya amsa, a rubuta ɗaya. In shiru, a rubuta sifiri.

"Baba, ka ba ni zuwa la'asar," in ji ta.

Da ta shiga wurin Muttaƙa ta yi masa bayani, bai bari ta ƙarasa ba da ya ji kalmar rajista.

"A'a. Wannan kam a'a. Wanda ya riƙe kujerarki kafin ke, a cikin abin nan ya shiga wai zai ƙara wa kwamfutata sauri. Washegari ta ƙi tashi. Aikin wata uku ya tafi. Ni ban san komai game da na'ura ba, amma sunan nan na riƙe shi."

"Shef, gaskiyarka, wuri ne da ba a shiga da garaje. Shi ya sa kafin in taɓa komai zan kwafi sashen in ajiye, in wani abu ya karkace in mayar da shi yadda yake. Layi ɗaya zan taɓa. Kuma a tawa zan fara, kana kallo."

"In Yamai suka ji fa?"

"Mu kira su yanzu su ji daga bakinmu."

Ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya tura mata wayar tebur. Abdoul Razak, babban mai kula da na'urorin shirin a Yamai, ya saurare ta har ƙarshe. Ya yi tambaya biyu, ta amsa. Ya ce ta rubuta ta turo masa ya karanta kafin ta sa wa kowa.

"Kin ce wani yana yin Dungas zuwa Magaria kowane mako saboda wannan?" ya ƙara tambaya.

"Tun bara."

Sai ya ce, "Turo da sauri."

Layi goma sha ɗaya ta rubuta. Abdoul Razak ya karanta ya ce ba laifi. Ta sa a kwamfutarta, ta buɗe rajistar ta nuna wa Muttaƙa layin da yatsa, ga ɗaya nan zaune. Sannan ta ɗauki kwamfutar a buɗe ta fita, shi yana biye, suka wuce ƙofa, suka tsallaka titi har gaban rumfar mai shayi inda rezon buro ba ya kaiwa. Ta haɗa da wayarta, ta sabunta shafin. Ɗaya ya koma sifiri. Suka dawo ciki, ya koma ɗaya. Muttaƙa ya ce a sake. Suka sake, mai shayi yana kallonsu baki buɗe.

"To," in ji Muttaƙa. "Sa masa."

Ta ɗauki ta Sallau, ta shiga da sunanta na mai gyara, don da shi ne take da ikon saka abubuwa. Ta kwafi rajistar ta ajiye a kile, wato ɗan abin ajiyar nan da take ratayawa da makullanta. Ta saka umarnin, ta sake tsallaka titi ta gwada. Ya yi. Ta kashe kwamfutar ta miƙa masa, ya naɗe ta a zane, ya sa a leda.

"Daga yau ka aika daga tsakar gidanka, Baba. Ba abin da za ka taɓa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ranar Asabar da hantsi tana wanki a gida wayarta ta yi ƙara. Muryar Sallau ce, a natse, amma ba gaisuwa mai tsawo.

"'Yata, na ga tsutsar. Ƙauyuka biyu a arewacin Dungas, ta fara hawa. Na ɗauki hotuna, na cike komai. Na'urar ta ƙi."

Ta share hannunta a zane. "Me ta ce?"

"Abin da ta saba cewa."

"Ka haɗa da wayar? Ta nuna ta haɗu?"

"Ta nuna."

Ta sa ya kashe ya kunna, tana jin kunyar kalmar a bakinta. Ya yi. Ta ji yana danna maɓallai a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Me kake rubutawa, Baba?"

"Kalmar sirrina. Ai sai da ita take buɗewa."

Huraira ta tsaya cak, ruwan kumfa yana bin ƙafarta. Da sunansa yake shiga. Ita kuwa da nata ta shiga ranar Alhamis, da nata ta saka umarnin, da nata ta gwada. A cikin rajista kowane mai shiga da shafinsa daban. Umarnin yana can ɗaure da sunanta, yana jiran ta shiga ya gyara mata shafinta. Shafin Sallau ko taɓa shi ba a yi ba. Abu ne da ta sani tun shekararta ta farko a makaranta, murnar gwajin gaban mai shayi ce ta sa ta tsallake shi.

"Baba, na gane. Kuskurena ne, ba na na'urar ba, ba naka ba. Karanto mini sunayen ƙauyukan da yawan gonakin, in rubuta."

Ya karanto, ta rubuta a bayan kwalin sabulu. Nan take ta kira Muttaƙa ta ba shi sunayen don ya sanar da Yamai a fara shiri. Sannan ta gaya masa abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

"Ai na faɗa," in ji shi. "Na ce kada a taɓa abin nan."

"Shef, abin da na rubuta daidai yake. Wurin da na ɗaura shi ne ba daidai ba. Gyaran minti biyar ne, amma sai ina gaban kwamfutar."

"Yamai ba za su saki buhu ko ɗaya ba sai sun ga hotuna da cikakken rahoto, kin sani. Ki ce masa ya taho da ita yau."

"Shi ya kamata ya tsaya a gonakin. Ni zan je."

"Direba ba ya nan sai Litinin."

"Ina da wanda zai kai ni."

Wanda zai kai ta shi ne yayanta Dogo, mai kabu-kabu, wanda ta tarar a tasha yana cin ƙosai. Da ya ji Dungas sai ya ajiye ƙosan ya dubi sama, inda hadari ke haɗuwa ta gabas.

"Yau? Ke dai ba kya neman abu mai sauƙi. Wane ne ba shi da lafiya?"

"Gero."

"To hau, kada ya mutu ba mu je ba."

Hanyar ta ba su wuya. Inda ba yashi akwai laka, inda ba laka ruwa ya kwanta. Sau uku ta sauka ta taka da ƙafa, takalmi a hannu, Dogo yana tura moton yana mita. A wuri na biyu ta tsaya ta dubi faɗin ruwan, ta tuna dattijon nan yana bin nan kowane mako shi kaɗai da kwamfuta a baya. Sai ta ƙara sauri. Gefen hanya gero ya yi tsayi ya fi mutum, zangarniya ta fito ko'ina, mata suna tsinkar ganyen wake a tsakanin kunyoyi.

Ana kiran azahar suka shiga Dungas. Gidan Sallau ba wuyar samu, duk wanda aka tambaya sai ya nuna. Matarsa Ɗela ta tarbe su, gajeriyar mace mai fara'a, ta dubi ƙafafun Huraira ta tafa hannu.

"Wayyo, 'yar nan! Haka ya sa kika biyo hanyar nan? Malam, ka ga abin da ka jawo wa 'yar mutane?"

"Ni na kawo kaina, Inna."

"Wanke ƙafa tukuna. Na'ura ba ta gudu."

Sai da ta wanke, ta yi salla, ta sha fura rabin kwano, kafin Ɗela ta yarda aka shimfiɗa tabarma a inuwar zaure aka kawo kwamfutar. Huraira ta tura ta gaban Sallau.

"Kai za ka shiga, Baba, da sunanka. Abin da ya kamata in sa ka yi ke nan tun ranar Alhamis."

Ta kau da kai har ya gama rubuta kalmar sirrin. Sannan ta buɗe rajistar, ta bi rassanta ɗaya bayan ɗaya har ta kai wurin. Ta matsa gefe don ya gani.

"Ka ga wannan? Shafinka ne. Ga layin maigadi. Me aka rubuta?"

Ya sa tabarau ya matso. "Ɗaya."

"Wato har yanzu tana neman buron Magaria. Ni shafina na gyara, na bar naka."

"Kamar a yi wa gonar maƙwabci feshi," in ji shi.

"Haka ne."

Ta kwafi shafin nasa ta ajiye. Ta kwance umarnin daga sunanta, ta sake ɗaura shi yadda zai tashi da sunan duk wanda ya shiga, ya rubuta a shafin mai shi. Ta cire wayar ta sake haɗawa. Hannunta ya kai kan maɓallin da ke sabunta shafi, sai ta janye shi.

"Danna wannan, Baba."

"Ni? Takardar fa?"

"Wannan ba ya canza komai. Dubawa kawai yake."

Ya miƙa yatsa ɗaya ya danna. Ɗaya ya koma sifiri. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Duk tafiyar nan saboda wannan ɗan ƙwayar?"

"Saboda shi."

Ya buɗe rahoton da kansa ya danna aikawa. Hotuna goma sha huɗu ne, rezon Dungas kuma ba mai gaggawa ba ne. Suka zauna suna kallon layin yana cika sannu a hankali, Ɗela tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, Dogo yana leƙowa ta kafaɗarta. Da ya kai ƙarshe na'urar ta rubuta cewa saƙo ya isa. Sallau ya ciro ɗan littafinsa, ya rubuta lokacin a gefen shafin ranar, ya ja layi a ƙarƙashi.

Huraira ba ta yarda da gwaji ɗaya ba wannan karon. Ta sa ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, ya kunna, ya shiga, ya aika ɗan saƙo zuwa ga Muttaƙa. Ya tafi. Ta sa ya sake.

"Saura rabi," in ji ta. "Na ga tana aiki a nan da sunanka. Ban ga tana komawa ɗaya a buro da sunanka ba. Sai ka sake zuwa sau ɗaya, Baba, ka yi haƙuri."

"Zan zo. Amma ke ma ba za ki koma ba sai kin ga abin da kika zo dominsa."

Hadarin ya wuce kudu bai zuba ba. Suka hau moto biyu suka nufi ƙauyen farko. A bakin wata gona Sallau ya sauka, ya shiga cikin geron kamar mai shiga ɗakinsa, yana ture kara da kafaɗa. Ya wuce zangarniya ashirin bai dube su ba, ya tsaya a kan wata, ya lanƙwaso ta.

"Me kika gani?"

Ta duba. "Gero."

"Sake dubawa."

Sai ta ga wani siririn layi da ya naɗe zangarniyar kamar an zagaya ta da zare, inda ƙwayoyin suka ɗan tashi daga jikinta. Ya sa farce ya buɗe, ga tsutsar nan kwance, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Yanzu ƙarama ce," in ji shi. "Nan da kwana goma in kika girgiza wannan, gari zai zubo."

"Yaya aka yi ka san wannan ce, daga cikin duk waɗannan?"

"Ki dubi ƙasa." A gindin karan akwai ɗan farin ɓurɓushi a kan ganye. "Tana ci tana zubarwa. Ni ƙasa nake fara dubawa."

Ta gwada da kanta. Ta yi kuskure sau biyu, a na uku ta samu. Mai gonar, wanda ya biyo su yana sauraro, ya ce a ba ta aikin Malam in ya gaji. Sallau ya ce ba yanzu ba.

Buhunan sun iso ranar Talata. A ƙauyen farko tsutsar ta riga ta yi ɓarna a gonaki da dama, an yi asarar da ba a so ba. A na biyu da waɗanda ke kewaye an tare ta da wuri, aka yi girbi mai kyau. Ranar Alhamis Sallau ya zo Magaria, ya shiga da sunansa a gaban Huraira, sifiri ya koma ɗaya. Muttaƙa ya fito baranda da kansa ya gaishe shi, ya tambaye shi hanya, ya ce a kawo masa shayi. Maganar neman wani kuwa ba a sake jin ta ba. A makon da ya biyo Huraira ta sa wa sauran biyar, kowa sai ya zauna ya shiga da sunansa ta gwada a gabansa, ciki da waje. Abdoul Razak ya nemi ta rubuta yadda ta yi dalla-dalla don sauran burorin shirin, ta rubuta, har da kuskuren.

Bayan girbi, wata safiya, wani mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar buron ya ce yana neman mai injuna. Ya kwance kwando daga bayan moto ya ce saƙo ne daga Dungas, daga hannun Inna Ɗela. Huraira ta ɗaga murfin don ta leƙa. Zabi biyu ne, kuma igiyar ƙafar ɗaya ta kwance a hanya. Kafin ta mayar da murfin ya yi tsalle ya fice, ya bi ta tsakanin ƙafafunta ya shige cikin buron yana ihu. Ya hau tebur ya watsar da takardu, ya sauka ya shige bayan akwatin da wayoyin rezo suke.

Muttaƙa ya fito daga ɗakinsa da tabarau a hannu. "Mene ne wannan kuma?"

"Baƙo ne daga Dungas, Shef. Kada kowa ya ja waya. Ku rufe ƙofa."

Ta cire takalmi, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta durƙusa ta leƙa bayan akwatin. Zabon ya zuba mata ido, ita ma ta zuba masa.

"Shef, tsaya ta wancan gefen," in ji ta. "In ya fito ta wurinka, ka kama ƙafa, ba fiffike ba."